Armaya'u da Hoton Titin da Ba Kowa

"Ni ɗin nan da kike gani, na taɓa ɗaukar hoton jirgin sama yana tsakiyar gudu, har direban ya leƙo ta taga ya ce in ƙara masa ɗaya."

Wannan ce maganar farko da Saude ta ji daga bakin Armaya'u, ranar da ya diro tashar Batsari daga bayan wata motar gyaɗa, da akwatin hoto mai ƙafa uku a kafaɗa, da tsagar gashi a tsakiyar kai kamar an ja da wuƙa. Ita tana bakin tandar wainarta. Kada ka ce tambayarsa ta yi. Waina ya zo saya. Amma Armaya'u irin mutanen nan ne da ko hanya ka tambaye su, sai sun fara ba ka tarihin takalminsu.

In gaya maka gaskiya, maganar ta ɗan shige ta. Saude ƙaramar bazawara ce, aurenta na fari bai yi ƙarko ba, ta dawo zama wajen kakarta. A can ƙasan ranta tana sha'awar mutumin da ya ga duniya. To ga wani ya zo da ƙamshin Kaduna, ga agogo a hannu. Sai daga baya ta gano agogon ba ya tafiya.

Ba a jima ba ya fara zuwa zance zaurensu. Zancen nasa kuwa, shi ke tambaya, shi ke ba da amsa, shi ke dariya. In zai tashi sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Saude, ki yi mini alƙawari mana."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tukuna dai, Malam Armaya'u."

Daga cikin gida sai ka ji muryar Kaka: "Ke, Kai-a-buhu ya tafi, ko in miƙo masa tabarmar kwana?"

Sunan da ta laƙaba masa ke nan, saboda baƙin ƙyallen da yake cusa kansa a ciki in zai ɗauki hoto.

Ana nan, a daminar da ta biyo bayan gama yaƙin basasa da kaɗan, cutar amai da gudawa ta shigo. Wannan kam ba abin dariya ba ne. An yi rashi gida-gida. Hukuma ta hana cin kasuwa, ta hana biki da taron suna, tasha ta mutu, Saude ta kife tandarta. Mati Duba-gari, wani dogon mutum mai kaki da hular kwano wanda magana ke yi wa wuya, ya riƙa bi gida-gida yana leƙa randuna yana cewa a tafasa ruwa. Kaka ta lura randar gidansu ta fi ta kowa shan dubawa. Ita ma Kakar ciwon ya kayar da ita, Allah Ya tashi kafaɗunta, ta miƙe sai ƙashi da baki.

Sai ga Kofur Daudu, wani soja mutumin Ruma, ya zo hutu. Ya kawo saƙon Hamidu, yayan Saude, wanda ke soja a Fatakwal: turmin atamfa na Kaka, da magana mai nauyi. Wai labari ya kai barikinsu cewa annoba ta share tsofaffin Batsari.

Kaka ta ce, "To ka koma ka ce wa maigidan nawa ina nan lafiya lau."

Kofur ya girgiza kai. "Kaka, ya ce kada in kuskura in kawo masa 'lafiya lau'. Ya ce da babansu ya rasu, 'lafiya lau' aka yi ta aika masa har aka yi sadakar arba'in. Hoto yake so. In na koma ba hoto, ya rantse zai tsallake katangar bariki ya taho ya gani da idonsa."

Saude ta dafe ƙirji. Ko yaron goye ya san abin da ake yi wa sojan da ya gudu. Kofur kuwa hutunsa ya kusa ƙarewa, bayan Juma'a zai tashi.

Da la'asar Armaya'u ya zo, ta gaya masa. Mai hoto ke nan ɗaya tilo daga nan har Safana.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Hoton tsohuwa? Saude, kin san abin da ke gabana kuwa? Takardun hoto sun kusa ƙare mini, mota ba ta zuwa Katsina balle in sayo. 'Yan da suka rage na babban aiki ne. A Kaduna na taɓa gani a wata mujallar Turawa: titi guda, wayam, ko kaza babu. Hoton da ya girgiza duniya! Yau ga birnin Batsari ya zama haka. In na ɗauka na aika jarida, sunana zai fito da manyan baƙaƙe."

"Wa zai so ganin titi ba mutane?"

"Masu ilimi."

"To Kaka fa?"

"In na gama da tarihi, abin da ya rage nata ne. Tsohuwa ba ta gudu."

Kaka ta ce daga ciki, "Ka gaya wa annoba haka, ɗan nan."

Yanzu ka saurara ka ji wauta. Birnin Batsarin da yake faɗa, titi ɗaya ne na jar ƙasa, daga tasha zuwa kasuwa. Kuma titin nan wayam yake tun da aka rufe kasuwa. Da Armaya'u ya saɓi akwatinsa shiru ya fita ya ɗauka, da an wuce wurin. Amma a ce Armaya'u ya yi abin tarihi ba wanda ya sani? Ai gara ya kwana da yunwa. Sai ya nemo Barau sankira, ya sa shi zaga gari da shela.

Barau ya buɗe maƙogwaro: "Jama'a ana gaishe ku! Gobe da hantsi kada kowa ya fito! Malam Armaya'u na Kaduna zai ɗauki hoton titi a buga a jarida, duniya ta gani! Kowa ya zauna ɗaka!"

Kowa ya ji, kuma kowa ya fahimta sarai. Sai dai kowane mai gida ya kwana yana lissafi iri ɗaya: in duk gari suka zauna ɗaka, ni kuma na ɗan fito, ai ni kaɗai ke nan a jarida.

Da hantsi Armaya'u ya kafa ƙafafun akwati a bakin tasha. Titi fes, sai ungulaye a kan rumfunan mahauta. Ya leƙa, ya daidaita, ya rufe idon akwatin da murfi, sannan ya cusa kai a buhu yana laluben takarda. Ya daɗe a ciki yana gyare-gyare. Akwatin nasa ba shi da abin latsawa: murfin ake cirewa, a ɗan jira, a mayar. Shi kuwa yana da salonsa da yake kira salon Kaduna. Ba ya kallon abin da yake ɗauka. Baya yake juyawa, ya ɗaga fuska sama, ya lumshe ido, ya miƙa hannu ta baya ya cire murfin, wai manyan masu hoto da zuciya suke gani.

Haka ya yi. Ya fito daga buhu da baya-baya, ya cire, ya mayar. Bai ji ko tari ba, don duk Batsari an san ba a numfashi in ana hoto.

Ya juyo.

Titi maƙil. Sahu-sahu, an ci kwalliyar Sallah, kowa ya ƙame kamar an dasa shi. Wani ya rungumo rediyonsa, wani ya riƙe kekensa, tela ya ɗauko keken ɗinki a ka, wani ya jawo ragonsa ya ɗaura masa laya. Barau sankira da ya yi shelar yana tsakiya da babbar riga.

"La ilaha illallahu! Ba na ce kowa ya zauna ɗaka ba?"

Barau ya ce, "Ai kowa na ɗaka, ranka ya daɗe. Mu nan 'yan kallo ne."

"Kun kashe ni! Kun ɓata wa duniya hoto! Ƙauyawa! Gidadawa!"

Wani ya ce, "A wanke mu gani dai."

Armaya'u ya yi surkullensa na cikin akwati, ya ɗauraye a bokiti, hoto ya fito raɗau. Kafin jama'a su yi masa caa, Mati Duba-gari ya ratso ya zare hoton daga hannunsa, ya ce wannan shaida ce ta taron da hukuma ta hana, kuma wanda ya tara taron zai yi bayani. Ya dubi hoton sau ɗaya, ya yi sauri ya soke a aljihu. Ya kora kowa gida, ya sa Armaya'u ya wuni yana yayyafa farar ƙasa a bakin masai na kasuwa, da tsagarsa da agogonsa.

Saude ba ta ga wannan ba, tana gida tana tafasa ruwa. Abin da ta gani kawai, Kaka da ta bari tana barci ta shigo tana haki da sandarta, ta ce maƙwabta ta leƙa.

Washegari Armaya'u ya sake dabara. Ba shela, ba sanarwa. Ya fita da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ya kafa, ya daidaita, ya shiga buhu. Yana fitowa ya ji sallama a kunnensa. Wani dattijon Bafulatani ne, Jafaru, da sanda a wuya.

"Sannu da aiki, malam. Ina wuni? Ina gajiya? Yaya ruwa? Yaya iyali?"

"Lafiya, lafiya, Baffa. Matsa gefe."

"Madalla. Yaya muka ji da wannan ciwo? Yaya mutanen Kaduna? Yaya akwatin?"

Ka san dattijo ba a katse masa gaisuwa. Armaya'u na amsawa yana cizon haƙori, ya juya baya, ya miƙa hannu ya cire murfi don kada rana ta karkata. Bai san Jafaru ba shi kaɗai ya zo ba.

Jafaru ya ce, "Burtali duk an nome shi. Na ji an ce titi ba kowa, na ce bari shanu su ma su ga gari."

Da aka wanke wannan, ba titi, ba rumfa, ba sama. Gindin wani farin bijimi ne ya cika takardar daga gefe zuwa gefe, ya ɗaga wutsiya, yana tsakiyar abin da ya ɗaga ta dominsa. Wata saniya kuma ta tauna rabin baƙin buhun.

Da yamma a zauren su Saude, Kaka ta karɓi hoton ta kai kusa da ido ta daɗe tana dubawa. "Kai-a-buhu, wannan kam ka fito. Amma ina tsagar?"

Ranar Saude ba ta yi dariya ba. Ta bi shi har ƙofar zaure. "Malam Armaya'u, saura nawa takardar?"

"Ta hoto ɗaya."

"To don girman Allah ka bar wa Kaka. Gata Kofur zai tafi. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya dube ta da tausayi irin na wanda ya fi ka sani. "Saude, mutanen Batsari ne ba su waye ba. Gobe Safana za ni. Ina da wata dabara da ko Bature bai san ta ba. In hoton nan ya fito, da mota za a zo ɗaukata, in kai Kaka Kaduna a yi mata hoto mai launi. Ke dai ki tanadi alƙawarina."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa har ya sha kwana. Wani abu da ta daɗe tana lallaɓawa a ranta ya faɗi, ko ƙara bai yi ba.

Washegari ya ari keken Barau, ya ɗaure akwati a baya, ya isa Safana. Ya sami 'yan mutane jefi-jefi a gindin bishiya da bakin masallaci. Da suka ga akwatin hoto suka fara miƙewa suna gyara huluna. Sai gwanin naka ya hau kan wani kututture ya saki dabarar da ko Bature bai sani ba.

"Jama'ar Safana! Ku yi nesa! Akwatin nan daga Batsari yake, ya ɗauki hotunan masu ciwo, ciwon yana ciki! Duk wanda idonsa ya kalla, kafin magariba ya kama amai!"

Kai, ka ga gudu! Kafin ya sauko daga kututturen, titi ya zama kamar an share. Aka ja yara, aka rufe ƙyamare. Armaya'u ya yi taku ɗai-ɗai, ya kafa akwati, ya sa takardarsa ta ƙarshe, ya juya baya, ya ɗaga fuska sama yana murmushi. Har yana jin yadda za a karanta sunansa a rediyo.

Abin da bai lissafa ba, mutanen Safana da suka shiga ɗaka ba barci suka yi ba. Tunani suka yi. Wani ya ce wa ɗan'uwansa ta kan danga, "Kai, in ciwon na cikin akwatin, wannan ɗan banzan me ya kawo shi garinmu da shi?" Ɗayan ya ce, "Kuma ga shi can ya saita mana shi."

Armaya'u ya cire murfi ke nan ya ji ƙasa na rawa. Ya saba salon Kaduna, ya waiga. Samari ne da sanduna da taɓare, kowa ya kare fuskarsa da faifai ko murfin tukunya don kada idon akwatin ya gan shi.

"Wasa nake! Wallahi wasa nake! Ba komai a ciki!"

"Tsaya mu duba!"

Bai tsaya ba. Ya rungumi akwati, murfi ya faɗi, keken Barau ya zama na Safana. Ya faɗa gonar gero, ya fita ta gonar dawa, ya bar takalmi ɗaya a taɓo, ya bar ɗayan don kada ya yi maraici. Wani mai jaki ne ya tsince shi washegari a hanyar Runka, ya ɗora akwatin a kan jaki, ya ce mai akwatin ya taka.

Da la'asar ɗin Juma'a ya iso zauren su Saude. Kofur Daudu na nan ya zo sallama, Barau na nan yana jiran kekensa, maƙwabta na leƙe daga nesa. Saude na tsaye a bakin ƙofa, idonta ya yi ja. Armaya'u kuwa, ƙafa duk ƙaya, tsaga ta ɓace, amma bakin na nan.

"Ku matsa. Yau za ku ga abin da na sayar da raina a kansa."

Ya cusa hannu a akwati ya yi surkulle, ya ɗauraye, ya ɗaga. Takarda ta fito fara fat kamar an wanke ƙwarya, don idon akwatin ya kwana a buɗe yana kallon Allah.

Armaya'u ya gyara murya.

"To! Kun gani? Wannan shi ne wayam na asali. Ku duba da kyau. Akwai mutum a ciki?"

Kaka ta ce, "Babu kam. Har garin ma ya ji tsoronka ya shige ɗaka."

Barau ya ce, "Kekena ma ba ya ciki."

Kofur ya miƙe yana kaɗe wando. "Saude, ni da asuba zan kama hanya. Me zan ce wa Hamidu?"

Saude ta juya ta dubi Kaka.

Sai aka ji gyaran murya. Mati Duba-gari ne, ashe ya daɗe a tsaye, wai randa ya zo dubawa. Ya cire hular kwano, ya sa hannu a aljihu, ya miƙa wa Saude hoton nan da ya ƙwace, yana kallon ƙasa.

"Na ji yanzu a masallaci ana maganar Hamidu. Ki duba sahun gaba."

Ta duba. Ga Kaka nan a tsakiyar sahun gaba, ta fi kowa kusa da akwati, zaune daram a kan turmin wani gida, ta yafa sabuwar atamfar Hamidu ko ɗinki ba a yi mata ba, ta washe bakin da ba haƙori.

"Kaka! Maƙwabtan da kika leƙa ke nan?"

"To da wa zan jira? Wannan?" Ta nuna Armaya'u da sanda. "Na yi shiru ne don na ga hukuma ta kama mu, na ce kada a ɗaure ni a shekaruna."

Kofur ya karɓa ya duba, ya fashe da dariya. "Atamfar da na kawo ce! Wallahi Hamidu ya zauna. Af, Duba-gari, wannan mai hular kwanon a sahun baya, da ya ƙame yana sara wa akwati, wane ne?"

Mati ya ce, "Aiki nake. Ina ƙirga masu laifi."

Saude ta dube shi, ta kawar da kai, amma ta ɗan jima kafin ta kawar.

Kana tsammani Armaya'u zai sulale? Ba ka san shi ba. Ya yi tsalle da ƙafa mai ƙaya ya tsaya a tsakiyar zaure.

"Kun ga aikina! Dubi haske! Dubi yadda na zaunar da tsohuwa a tsakiya! Da gangan na sa aka yi shelar nan, don na san za ta fito. Dabara ce! Saude, na cece yayanki daga kurkuku. Yau kam, gaban jama'a, ki yi mini alƙawarin nan."

Saude ta gyara mayafinta. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, kuma ba ta rage murya ba, har masu leƙe daga nesa suka ji.

"Na yi maka alƙawari, Malam Armaya'u. Ka sha wahala kana neman wurin da ba kowa. Daga yau, duk ranar da ka zo zance zauren nan, za ka same shi wayam, ko kaza babu. Sai ka taho da akwatinka."